Filin Lafiya: Na'urar MRI Da Sankarar Mama

Tun da labarin na'urar MRI ya bazu, mutane da yawa sun ɗauka cewa ita ce farko kuma ita ce ƙarshe wajen gano sankarar mama. Har wata mace a Mbamba, ko Yola, ko Jimeta, za ta ji kululu a nononta ta yi shiru, wai sai an tara kuɗin babban hoto. To, wannan jinkiri shi ne abin tsoro.

Ita dai wannan na'ura da maganaɗisu mai ƙarfi take aiki, tare da igiyar rediyo, ba da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi ba. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsu a kanta. Idan za a duba nono, mace takan kwanta rubda ciki, a yi mata allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam ta jijiya. Da yake sankara tana yawaita jijiyoyin jini domin ta ci ta girma, sai ta sha ruwan nan da sauri, ta fito fili a cikin hoton.

Saboda kaifin ganinta, a 2007 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yin wannan hoto kowace shekara, haɗe da hoton mamogiram, ga matan da hatsarin kamuwarsu ya yi yawa, watau kamar masu gadon cutar a cikin dangi. Likitoci kuma sukan nemi hoton bayan an tabbatar da cutar, domin su san iyakar yaɗuwarta kafin tiyata.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Na'urar takan nuna abin da ba sankara ba, hankalin gida ya tashi a banza. Tana da tsada, tana bukatar wutar lantarki marar yankewa, kuma mai ƙarfe a jiki dole ta sanar da likita tukuna. Bugu da ƙari, hoto kowane iri ne ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebi ɗan nama daga kululun an auna.

Ƙiyasin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da cutar a duniya, fiye da 32,000 kuwa a Nijeriya. Babbar matsalar ƙasar nan ita ce zuwa asibiti a makare, bayan an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ciwo ya fashe. Shi ya sa hukumar ta sa burin a kammala binciken mai alamun cutar cikin kwana 60.

Saboda haka, macen da ta ji kululu a nono ko hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, to ta garzaya asibiti mafi kusa, inda za a iya tura ta Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Hannun likita da hoton sikanin ne matakin farko. Likita ne zai faɗi ko MRI ta zama dole. Yawancin kululu ma ba sankara ba ne.

Mazaje kuma su ba da izini da kuɗin mota ba tare da ɓata lokaci ba, kada kunya ta raba 'ya'ya da uwarsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ƙara lafiya, amin.