Hakkin Buɗaɗɗiyar Manhaja a Kan Masu Cin Moriyarta

Ran 29 ga Maris 2024 wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Andres Freund ya sanar da duniya cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhaja ta matse fayiloli wadda kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya fargar da shi kuwa shi ne yadda manhajar shiga kwamfuta daga nesa ke cin ƙarfin na'ura fiye da kima, sai ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi sannu a hankali har ya tono makircin da, in da ya bazu, da ya buɗe wa maƙiyi dubban kwamfutoci a duniya.

Bai iya yin haka ba sai domin rubutun tushen manhajar a buɗe yake, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa. Wannan ce kuma falalar buɗaɗɗun kayan aikin binciken tsaro, kamar Nmap da Gordon Lyon ya fitar a 1997, da Wireshark da Gerald Combs ya fara fitarwa a 1998, da Ghidra da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki a 2019. Mai binciken tsaro hujja yake nema, kuma kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaida sai an yi tazkiyyar mai bayar da ita, haka bai kamata a dogara da na'urar bincike wadda aka hana kowa duba cikinta ba.

Amma fa buɗe rubutu daban, karanta shi daban, kuma a nan ne nake ganin mun yi sakaci ƙwarai. Wanda ya dasa ƙofar nan, wani mai kiran kansa Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana hidima da ladabi, yana gyare-gyare masu amfani, har Lasse Collin, wanda ya daɗe yana ɗauke da aikin shi kaɗai ba albashi, gajiya ta ci ƙarfinsa, ya danƙa masa amana. Tun kafin wannan, a 2014, an gano aibin Heartbleed a cikin OpenSSL, wata buɗaɗɗiyar manhaja ta kare bayanai, bayan ya yi shekara biyu a fili ba wanda ya kula, alhali kuwa gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba, ga manyan kamfanoni suna cin riba da ita dare da rana.

A ganina kula da waɗannan manhajoji farali ne na kifaya: in wasu sun tsaya masa an sauke wa saura, in kowa ya ɗauka wani zai yi, laifin ya hau kan jama'a duka. To, bankunanmu da kamfanonin sadarwa da jami'o'inmu ma suna cikin masu cin moriya, don haka ina roƙonsu su ware kuɗi ga masu ɗawainiyar, su kuma ba injiniyoyinsu da ɗalibansu lokaci su zauna su karanta rubutun, su kai rahoton abin da suka gani.