Wat 5000 a kan kwali? Haba 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah

Yau ba zancen waya za mu yi ba. Zancen hom tiyata ne, da amfilifaya, da wufa, saboda tambayar ta yi yawa a akwatin saƙo, kuma kusan duk iri ɗaya ce: "Malam, wanne zan saya, mai wat 3000 ko mai wat 5000?" Amsata ita ce duk biyun ƙarya ne. Ba a wat ɗin ya kamata ka fara tambaya ba, kuma duk wanda ya koya maka ka fara daga nan, aljihunka yake nema.

Mu masu gyaran waya mun san wannan wasan tun tuni. Shi ne dai wasan fawa bank da za a rubuta masa 50,000mAh, ka ɗauke shi ka ji kamar ba komai a ciki, ya yi maka caji ɗaya da rabi ya mutu. Lamba ba ta da tsada, tawada ce kawai. To haka aka mayar da kayan sauti, sai dai a nan asarar ta fi ciwo, domin kuɗin sun fi yawa, kuma sau da yawa kayan ɗakin amarya ne, uba ya yi watanni yana tarawa.

Ga lissafin da ko ɗan firamare zai iya. Wutar gidanmu a Najeriya bolt 230 ce. Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi, fiyus mafi girma da ake sa masa amfiya 13 ne. Ka ninka 230 sau 13, ka samu 2990. Ma'ana duk abin da soket ɗin bangonka zai iya bayarwa bai kai wat 3000 ba. To ta ina akwatin da ka jona a wannan soket ɗin zai fitar da 5000? Na'ura ba ta haifar wuta, abin da ta sha shi take fitarwa, har ma da ragi, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Dutsen guga mai wat 1000 kawai, ka san yadda yake durƙusar da ƙaramin janareta. Amma ga maƙwabcinka can yana kunna "wat 5000" da talabijin da fanka da ƙwan fitila uku duk a kan ƙaramin injin nan, injin ko tari bai yi ba. Kai ma ka san akwai magana.

Sirrin yana cikin haruffa huɗu da ake rubutawa ƙanana a gefen lambar: PMPO. Wai ƙarfin da na'urar za ta iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido. Ba shi da wani ma'auni da aka yi ittifaƙi a kansa, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa nasa, shi ya sa akwatuna biyu masu kayan ciki iri ɗaya za ka ga ɗaya an rubuta 2000, ɗayan 8000. Lambar da take da ma'ana ita ce RMS, wato ƙarfin da amfilifaya za ta iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. Kuma wannan rikicin ba sabo ba ne. Tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka cewa mai tallar amfilifaya dole ya faɗi ƙarfinta na ci gaba, ya faɗi a kan om nawa aka auna, da yawan gurɓatar sautin a lokacin. Shekara 50 ke nan da wani abu. Mu kuma har yau ana sauke mana kwalaye da lambobin da can ba za a yarda a rubuta su haka ba, muna ta rububi.

Idan ka buɗe irin waɗannan ƙananan hom tiyata, abin da za ka tarar a da yawansu IC ne irin TDA2030, wanda ƙarfinsa bai wuce kamar wat 14 ba, ɗan uwansa TDA2030A kuma 18. A jera guda uku ko shida a jikin ƙarfen sanyaya, a sa ɗan tiransifoma, a rufe, a manna fitilu masu walƙiya ja da shuɗi. Sababbin kuma za ka ga TPA3116, wanda yake ba da kamar wat 50 a kowane gefe idan ya samu wutar da ta ishe shi. Kada a fahimce ni ba daidai ba, waɗannan IC ba su da laifi, aikinsu suke yi tsakani da Allah. Laifin na wanda ya rubuta 5000 ne a kan abin da ya san bai kai 100 ba, ya karɓi kuɗin 5000.

Don haka kafin ka kalli gaban na'ura, juya ta ka kalli bayanta. Kusa da inda wayar wuta ta shiga akwai ɗan rubutu da yake faɗin wutar da take sha. In ka ga 60W ko 80W, to magana ta ƙare, sautin da za ta riƙe ba zai wuce haka ba. In babu rubutun, duba fiyus. Fiyus na amfiya 1 a wutar 230, iyakarsa wat 230 ke nan, kuma na'urar ba ta ma kai nan. Wasu za su ce a ɗaga a ji nauyi. E, a tsofaffin amfilifaya masu babban tiransifoma nauyi alama ce, amma yanzu akwai 'yan ajin D, marasa nauyi kuma masu ƙarfi na gaske, don haka nauyi kaɗai ba hujja ba ne. Rubutun baya ya fi.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce: "Ai mutane ne suke son babbar lamba, in na faɗi gaskiya na ce wat 60 ne, wucewa za su yi shagon gaba." Gaskiya ne, akwai laifinmu masu saye. Amma wannan ba ya wanke shi. Mai sayar da gero ba zai cika mudu da tsakuwa ba ya ce ai mutane ne suke son su ga ya yi tozo.

Abin da zai ba ka mamaki ma, ba ka buƙatar wat ɗin nan da ake ruɗarka da su. Sifika mai kyau ana rubuta mata wata lamba, misali 88dB, wato ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya tak idan kana nesa da ita da mita ɗaya. Wat ɗaya fa! Kuma 88dB ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Sannan kunne ba ya lissafi irin na kasuwa. In ka ninka wat sau biyu, 3dB kawai ka ƙara, ɗan bambanci ne da za ka ji amma ba wani abin a zo a gani ba. Kafin kunnenka ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. To ka ga wanda ya ƙara kuɗi don ya tashi daga wat 80 zuwa 100, kusan iska ya saya. Sifikar da ta fi wata da 3dB kuwa, daidai take da ka ninka ƙarfin amfilifayarka kyauta. A falo irin namu, wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowace sifika sun isa har maƙwabta su aiko yaro. Kuma in sun aiko, a rage, suna da haƙƙi.

Shi ya sa ni a ra'ayina, in kuɗinka ƙayyadaddu ne, kaso mafi tsoka ya tafi kan sifiku da wufa, ba kan akwati mai fitilu ba. Sifiku biyu masu kyau da wufa ɗaya ta kirki sun fi gwangwanaye biyar da aka rataya a bango ana kiransu 5.1.

Tunda na ambaci 5.1, bari na taɓo shi, domin nan ma ana yi wa masu waya rufa ido. Ma'anarsa hanyoyin sauti biyar daban-daban, hagu, dama, tsakiya, da biyu na baya, sai ɗigo ɗaya na wufa. Kowace sifika da abin da ake aika mata. Amma sautin da wayarka take turawa ta Bluetooth hanya biyu ne kawai, hagu da dama. Idan ta Bluetooth ko ta wayar iyafis kake jonawa, akwatin raba wannan biyun yake yi ga sifiku biyar, ba wani jirgi da zai wuce ta bayan kanka. Mai son 5.1 na gaskiya yana buƙatar risiba. Ba risibar dish nake nufi ba, risibar sauti, wadda ta haɗa amfilifaya da na'urar fassara Dolby ko DTS a akwati ɗaya, irin na su Yamaha, Denon, Onkyo, Sony da Pioneer. Ita kuma sai an jona ta da HDMI ko wayar haske ta optical, kuma fim ɗin kansa sai an yi shi da 5.1. In talabijin ɗinka tana da ramin HDMI da aka rubuta wa ARC, nemi risiba mai ARC, waya ɗaya ta gama maka aiki. In kuwa duk kallonka YouTube ne da waƙoƙi da karatu daga waya, ka sayi amfilifaya mai hanya biyu ka huta, ragowar kuɗin ka zuba a sifika. Masu sayen risiba 'yar gwanjo kuma su duba bayanta da kyau: wadda aka yi don Amurka bolt 120 take sha, ta Japan 100. Ka soka ta kai tsaye a wutarmu, hayaƙi ne zai gaishe ka.

Sai om, wanda shi ne yake kashe amfilifaya fiye da komai, kuma ba mai zancensa a kasuwa. Kowace sifika an rubuta mata 4, 6 ko 8. Bayan amfilifaya ma an rubuta mafi ƙarancin da za ta ɗauka. Abin da mutanenmu suke yi, sai a murɗe wayoyin sifiku biyu a cusa a rami ɗaya don wai ƙara ta ƙaru. Biyu masu om 8 a haɗe haka sun zama 4. Biyu masu 4 sun zama 2. Amfilifayar da aka yi don 8 ta koma jan kaya ninki biyu ko huɗu, ta yi zafi, IC ya tafi, a ce ai kayan ne jabu. Kuma ja a ja, baƙi a baƙi. In ka juya wayar sifika ɗaya, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, bes ɗin ya cinye kansa, ka yi ta murɗa maɓalli kana zagin kamfani.

Wani abu kuma da mutane ba sa yarda sai sun gani: ƙaramar amfilifaya ma tana ƙona sifika. Idan ka ƙure ta har sauti ya fara tsagewa yana ƙarƙara, wannan gurɓataccen sautin shi ne yake dafa 'yar ƙaramar sifikar sama. Da ka ji murya ta fara yagewa, koma baya.

Wufa kuwa, ita ce aka fi yi mana wasa da hankali a kanta. A shago za a ƙure bes, akwati ya yi ta gurnani, gilashi na rawa, mai saye yana murmushi. Wannan ba bes ba ne, kumburi ne. Wufa ta kirki za ka ji kowane bugun ganga ya fito ya tsaya, ba ya jan jela ya hau kan na gaba. Ƙwanƙwasa jikin akwatin da yatsa: in ya yi ƙara kamar fanko, katakon siriri ne, shi ma zai riƙa rera tasa waƙar. Ka tambaya ko mai amfilifayar kanta ce, wato wadda ake jona ta da wuta daban, domin ramin wufa na yawancin risiba sigina kawai yake fitarwa, ba zai iya tuƙa wufar da ba ta da nata ƙarfin ba. Inci 8 ko 10 ya ishi ɗaki ko matsakaicin falo, 12 sai babban falo. A bayanta akwai maɓallin da yake yanke iyakar sautin da za ta ɗauka, fara da 80Hz, nan ne ma'aunin da THX suka tsayar, domin ƙasa da nan kunne ba ya iya gane daga ina sauti yake fitowa. In sifikunka ƙanana ne sosai, ɗaga zuwa 100 ko 120. Alamar ka yi daidai ita ce ba ka jin wufar a matsayin wani akwati can a gefe. In kana jin muryar mai labarai tana fitowa daga cikinta, ka yi sama da yawa.

Inda ka ajiye ta ma rabin aiki ne, kuma kyauta ne. Lungu yana ƙara mata ƙarfi amma yana iya sa ta gurnani. Ga dabara: ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna waƙa mai bes, ka zagaya gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bes ya fi fitowa tsaf, nan za ka ajiye ta. Yaran gida za su yi maka dariya, ƙyale su. Ɗakunanmu kuma siminti ne da tayil, sauti yana ta dukan bango yana dawowa. Kafet da labule mai kauri da kujerun kushin suna gyara muryoyi fiye da sabuwar amfilifaya.

Ranar da za ka je saye, tafi da wayarka da abin da kunnenka ya sani sarai: waƙa ɗaya, da karatu ko hira mai murya zalla. Ka ce a mayar da bes da tirebul tsakiya, a rage ƙara zuwa yadda za ka ji a gida da daddare. Mai shago ba zai so ba, domin a nan ne asirin kaya yake tonuwa. In murya ta fito kamar mutum yana magana a cikin tulu, ajiye. Ka ce a bar ta tana aiki minti goma, ka taɓa samanta ka ji zafin. Sannan ka ware kuɗin sitabilaiza tun kafin ka fara ciniki, ka lissafa girmanta da lambar da ke bayan na'urar, ba ta kan kwali ba, kuma in an ɗauke wuta ka kashe soket kafin a dawo da ita.