In Bureka Ta Faɗi, Gargaɗi Take Yi

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kan wata 'yar aba da muke rainawa, wato burekar wutar lantarki.

Duk hunturu sai an ji labarin gobara. Har yau ba mu manta da ta Kasuwar Sabon Gari a Kano ba, a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna. Da an yi gobara a gari sai ka ji an ce wutar NEPA ce, duk da tun 2013 KEDCO ke raba mana wuta. Amma jama'a, wani laifin fa namu ne.

Aikin bureka gadin waya ne. A cikinta akwai ɗan siririn falle na ƙarfe iri biyu. In kaya suka yi wa layi yawa, sai ya yi zafi ya lanƙwashe, ya yanke wutar. In kuma wayoyi biyu suka haɗu suka yi tartsatsi, akwai naɗin waya mai aikin mayen ƙarfe da ke fizge ta kafin ƙiftawar ido. Fis ƙonewa yake yi, ita kuwa a gyara matsalar a ɗaga ta, shi ke nan.

Lambar da ke jikinta ita ce iyakar ƙarfinta. Mai lamba 16, a wutarmu ta bolt 230, ba ta wuce wat 3,700. Hita biyu masu wat 1,500 da dutsen guga a layi ɗaya, ai dole ta faɗi. To sai mai shago ya ce ta dame shi, ya kira yaro ya sa mai lamba 63, ko ya haɗe wayar kai tsaye. Daga ranar wayar cikin silin ita ce fis, ga buhunan shinkafa da masara a ƙarƙashinta. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Hatta tashar wuta mai megawat 10 da gwamnatin Kano ta gina a dam ɗinmu na Tiga ba ta aiki sai da manyan bureka, balle ɗan shagona. Masu injin niƙa su lura. Masu ban ruwa da sola kuma su nemi irin tata, don wutar sola daban take. Sannan bureka ta gama-gari ba ta hana wuta jan mutum, sai irin mai maɓallin gwaji a jikinta.

Ina kira ga shugabannin kasuwanni da dagatai su haɗa kai da hukumar kashe gobara a riƙa duba wayarin shaguna kafin sanyi ya kankama. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu, amin.

Naku, manomi kuma ɗan tireda,
Tiga, Ƙaramar Hukumar Bebeji, Jihar Kano.