Matambayi ba ya ɓata

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wasu garuruwa magatakardan bankin cimaka ya fara ajiye lissafi cikin kwamfuta, da abin da ake kira Excel. Allo ne mai gida-gida kamar na dara. Yana tara lissafi da kansa, amma abin da aka ba shi kaɗai yake tarawa. In lissafi ya rikice, zargi ya shiga gari.

Magatakarda, in ka kakare, kada ka ji kunya. Danna F1, bayani zai fito. In ba ka gane ba, nemi malamin lakkwal, ko magatakardan wani gari da ya riga ka farawa.

In ka ga ##### cikin gida, kuɗi ba su ɓace ba. Gidan ne ya yi ƙunci, faɗaɗa shi. In ka yi kuskure, danna Ctrl da Z tare. Kwamfuta ba ta san dala ba: jika 1, rubuta 1000, ba 200 ba.

Kada a yar da littafi. Ran taro, a gwada biyun gaban jama'a.

Sai wata mai zuwa.