Raunin Fuskar Tsoho da Ya Ƙi Warkewa: A Nemi Abin da Ya Saura a Ciki

Uwargida mai zuwa awo, ke ce kike wuni a gida tare da Inna ko Baba tsoho, saboda haka da ke nake magana, ke da maigidanki.

Bayan girbi, gonakinmu daga Birnin Kebbi har Argungu cike suke da kututturen kara. Sai tsoho ya yi tuntuɓe ya faɗi ta fuska, ko tsohuwa tana faskare sartse ya tashi ya same ta a kunci. A ɗinke a kemis, a ce Allah ya kiyaye gaba. Bayan mako biyu wurin ya kumbura, yana fitar da mugunya. A sha magani ya lafa, a daina ya dawo. Sau da yawa wani guntu ne ya karye a ciki, fata ta rufe a kansa.

A ganina, rabin aikin gano shi yana hannunku. Tsofaffinmu akwai kawaici. Likita na tambaya sai su ce "ba komai". Ke ki faɗa masa ainihin abin da ya soke su: kara ne, ƙaya, kwalba, ko ƙayar kurungu. Idan ragowarsa na nan, a zo da ita.

Dalili kuwa, hoton eksire yana nuna ƙarfe da kwalba, amma galibi ba ya nuna ice ko ƙaya. Kada ku koma gida da murnar "hoto bai nuna komai ba" alhali ciwo na tsiyaya. Irin na'urar sikanin da ake duba cikinki da ita tana iya gano sartse a ƙarƙashin fata. Idan ya yi zurfi ko yana kusa da ido, sai hoton siti-sikan. (Ranar eksire dai ki jira a waje, wani ya shiga da su.)

Kada a tone da reza ko tsinke a gida. Fuska cike take da jijiyoyi, taɓa guda na iya karkatar da baki.

Sai maganar tetanus. Ke ana yi miki allurarta a wurin awo, amma yaushe rabon Inna da ita? Ki tambayi likita tun ranar farko, ki kuma gaya masa idan tana da ciwon suga. Idan baki ya fara ƙin buɗuwa, ko ido ya kumbura gani ya ragu, a kawo ta asibiti ko da tsakar dare ne.