Aislan: doki ya fi mota cancanta da ƙasar aman wuta

A watan Afrilun 2010 tokar dutsen Eyjafjallajökull ta rufe sararin samaniyar Turai kusan kwana shida, aka soke tashin jirage wajen dubu 100. Ƙasar Aislan, wadda bankunanta suka ruguje a 2008, ta mai da wannan masifa talla. A shekarar da dutsen ya yi aman, baƙin da suka ziyarci ƙasar ba su kai rabin miliyon ba; a 2018 sun haura miliyon 2, a ƙasar da mutanenta ba su cika dubu 400 ba.

Cikin abubuwan da baƙin suke biya domin su akwai hawan doki a tsakanin baƙaƙen duwatsun da wuta ta narkar suka daskare. Duk cikin harkar yawon buɗe idon Aislan, wannan ne ɓangaren da ya kamata a yi koyi da shi, kuma dalilin yana cikin dokin kansa.

Dokin Aislan gajere ne, mai kauri, mai yawan gashi. Wanda ya saba ganin ingarmun hawan salla a Damagaram zai iya yi masa kallon raini. To amma wannan irin shi ne wanda mutanen arewacin Turai suka shigo da shi cikin jiragen ruwa a ƙarni na 9 da na 10, kuma bai gauraya da wani ba har yau. Doka ta hana shigo da kowane doki daga waje. Dokin da ya fita ƙasar, ko da gasar duniya ya je ya ciyo, ba ya komawa gida, sai dai a sayar da shi can. Baƙo ba ya shiga da tsohon sirdi ko linzamin da ya taɓa wani doki, tufafin hawa kuwa sai an wanke an kashe ƙwayoyin cuta. Dawakin tsibirin ba su san yawancin cututtukan dawakin Turai ba, shi ya sa cuta guda za ta iya shafe garke.

Sun san abin da asarar dabba take nufi. Aman dutsen Laki na 1783 zuwa 1784 ya gurɓata ciyawa, ya kashe kusan rabin dawakin ƙasar da mafi yawan tumakinta, yunwar da ta biyo baya kuma ta ci kimanin mutum ɗaya cikin biyar. Dawakin yau jikokin waɗanda suka tsira ne.

Ban da tafiya da sassarfa da sukuwa, dokin yana da wani taku da suke kira tölt, mai sauri amma ba ya jijjiga mahayi, har wanda bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba yana iya yin awa biyu a kai. A nan ne ribar take: makiyayi ba ya bukatar gina otel kafin ya ci kuɗin baƙo. Dokin da yake koro tumaki da shi daga tsaunuka a watan Satumba shi ne yake ɗaukar ɗan yawon buɗe ido da rani.

Mota kuwa ɓarna take yi. Gansakukar da ta rufe filayen narkakken dutse tana ɗaukar shekaru gommai kafin ta farfaɗo idan taya ta murƙushe ta, saboda haka tuƙi a wajen hanya laifi ne mai tara. Ƙafar mutum ma ba ta da sauƙi: a 2019 sai da hukuma ta rufe kwazazzabon Fjaðrárgljúfur na ɗan lokaci, bayan bidiyon waƙar Justin Bieber ya jawo tururuwar masu ɗaukar hoto. Ayarin dawaki yana bin tsohuwar turba ne, da jagora a gaba, kuma adadin mahaya ba ya wuce adadin dawakin da ke barga.

Wannan ba ya nufin komai fes ne. Har yanzu akwai gonakin da ake ɗibar jinin goɗiyoyi masu ciki don haɗa maganin haihuwar aladu a Turai, abin da ya jawo wa ƙasar suka mai zafi tun 2021, kuma sukar tana bisa hanya. Wutar ma ba abin kallo ba ce kawai. Aman Fagradalsfjall na 2021 ya tara ƴan kallo, amma a Nuwamban 2023 an kwashe mutanen garin Grindavík baki ɗaya, a Janairun 2024 narkakken dutse ya ƙone gidaje uku a bakin garin.

Matashin Nijar da ke kallon waɗannan hotuna a waya, a Maraɗi yake ko a Brussels, ya kamata ya tuna cewa tsaunukan Ayar ma suna da tsofaffin duwatsun aman wuta, akwai kuma ruwan zafi na Tafadek. UNESCO ta sa Ayar da Tenere cikin kayan tarihin duniya a 1991, tsohon garin Agadez a 2013. Tawayen 2007 da satar Turawa a Arlit a 2010 ne suka kori baƙi, kuma ba doki ko raƙumi ne zai maido da tsaro ba. Amma ranar da baƙin suka dawo, za a sake zaɓa tsakanin ayarin kat-kat na kamfanonin da ke Yamai da Paris, da raƙumi ko dokin mutumin Timiya wanda kuɗin zai tsaya a hannunsa. Dokar da za ta faɗi inda mota za ta tsaya a sauka a hau dabba, yanzu ne ya kamata hukumomin jahar Agadez da ma'aikatar yawon buɗe ido su rubuta ta, tun hanya ba kowa.