Esi ko fanka mai ruwa: Lissafin da zafin bazara ya ɗora wa magidanta

Tun da hukumar NERC ta mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sanyaya ɗaki ya zama batun aljihu. Esi mai ƙarfin doki ɗaya na shan kusan wat 900, fanka mai ruwa kuwa ba kasafai take wuce 200 ba, ko ƙaramar sola na iya ɗaukarta.

Sai dai da busasshiyar iska take aiki. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri tana sanyaya ɗaki, matuƙar taga na buɗe kuma tankinta da ruwa. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, sai ta koma fanka kawai. Mai son sanyi har cikin damina, esi zai saya, ya kuma shirya wa kuɗin wuta.